A Duba Kafin a Kira: Kundin Aikin Tantance Ƙararrawa da Bidiyo

3 ga Fabrairu, 2025

Aikin da aka ɗora mana shi ne mu haɗa ƙararrawar wannan wuri da kyamarorinsa, ta yadda duk sanda ta tashi, mutumin da ke cibiyar sa ido zai ga abin da ya tayar da ita kafin ya ɗaga waya. Wurin kashi huɗu ne: babban sito, shagon baje kaya a gaba, ofisoshi a bene, da filin sauke kaya ta baya. Ƙararrawa ta daɗe a wurin, kyamarori ma haka, amma kowanne harkar gabansa yake yi. Kyamara tana naɗa tana ajiyewa, sai an yi ɓarna a zo ana laluben hoton jiya. Ƙararrawa kuwa layi ɗaya na rubutu take aikawa cibiya: shiyya kaza (wato sashen gini da wata na'ura ke tsaro) ta tashi da ƙarfe kaza. Da wannan layin ake tada manaja daga barci, da shi ake kiran 'yan sanda, su zo su zagaye gini da tocila su tarar ba kowa.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Wata jagora da ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar wa 'yan sanda ta nuna cewa kashi 94 zuwa 98 cikin ɗari na kiran ƙararrawar ɓarayi da suke amsawa na banza ne. Wasu birane sun gaji: Las Vegas tun 1991, Salt Lake City a 2000, suka ce ba za su tura mota don ƙararrawa kawai ba, sai an tabbatar akwai alamar laifi. A Ingila kira uku na banza cikin wata 12 sun isa a janye wa wuri amsawar 'yan sanda har sai ya gyara. Wasu wuraren tara suke ci. Ni dai ba tarar ce ta fi damuna ba. Manajan da aka saba tasa a banza, wata rana zai ga kira ya gyara kwanciya, kuma babu mai iya cewa ba daren ne ɓarawo yake ciki ba.

11 ga Fabrairu

Kafin a taɓa ko waya ɗaya, na nemi cibiya ta ba mu tarihin duk ƙararrawar da wurin ya aika a shekarar da ta wuce. Na ajiye shi gefe da littafin shiga da fita na ma'aikata, ina haɗa lokaci da lokaci.

Mafi yawan tashin ba da tsakar dare ba ne. Da safe ne wajen buɗewa, da yamma wajen rufewa. Mai buɗe shago ya shigo da kaya hannu bibbiyu, kafin ya ajiye ya kai ga danna lambar sirri, lokaci ya ƙure. Mai rufewa ya ɗana ƙararrawa ya fita, ya tuna wayarsa tana kan tebur, ya koma. An sauya wa masu shara rana ba a gaya wa kowa ba. Wani kuma ya ɗana alhali abokin aikinsa yana can ƙuryar sito yana ƙirga kwalaye.

Bidiyo ba zai yi maganin waɗannan ba, domin ma'aikacin cibiya zai ga mutum ne da gaske a cikin gini, kuma bai san fuskarsa ba. A tushe ake gyara su. Ma'aunin SIA CP-01 na Amurka, wanda don rage irin wannan aka rubuta shi, ya sa akwatin ƙararrawa ya zo da sakan 60 na fita, sakan 30 na shiga, da wasu sakan 30 da zai jira kafin ya aika saƙo ko mai wurin zai kashe. Na nan an saita shi ƙasa da haka, kuma allon danna lambar yana bayan wata kanta da aka kafa daga baya. Mun dawo da allon bakin ƙofa, mun daidaita lokutan, kuma kowane ma'aikaci yanzu yana da lambarsa shi kaɗai. Lamba ɗaya da kowa ya haddace, har waɗanda suka bar aiki, mun soke ta.

Na dare kuwa kusan duk daga shiyya biyu suke. Ta farko na'urar jin motsi ce a shago da ke kallon bakin na'urar sanyaya ɗaki, ga allunan talla na leda rataye a tsakaninsu. Irin wannan na'ura ba ganin mutum take yi ba, sauyin zafi take ji idan ya ratsa gabanta daga wani yankin gilashinta zuwa wani. Iska mai ɗumi, leda da ta sha zafi tana lilo, ɓeran da ya bi ta kan kanta dab da ita, duk suna iya tada ta. Ta biyu maganaɗisun babbar ƙofar ƙarfe ce mai naɗewa: ƙofar ta yi lako-lako a layinta, iska na bugawa sai ta ja baya kaɗan, maganaɗisun ya rabu da abokinsa. Mun sa mai faɗin tazara irin na ƙofofin sito, an kuma ɗaure layin. Na'urar shagon mun musanya ta da mai hanya biyu, zafi da igiyar maikirowef, wadda ba ta tashi sai duka biyun sun yarda.

19 ga Fabrairu

Wannan makon na haɗa kowace shiyya da kyamararta, kuma nan ne ainihin aikin yake.

Ƙa'idar da na kafa ita ce, duk inda na'ura za ta iya jin mutum, dole wata kyamara ta iya ganinsa. A faɗa da sauƙi. Da muka sa akwatin a yanayin gwaji, abokin aikina yana tafiya ni kuma ina kallon allo, sai ga wuraren da fitilar na'urar ke kamawa amma a hoto babu shi sam. Waɗanda suka kafa kyamarorin tun farko teburin karɓar kuɗi da ƙofofi suka nufa, don su kama fuska da rana. Waɗanda suka kafa ƙararrawar lunguna suka nufa. Kowa ya yi daidai a nasa aikin, sai dai ba su taɓa zama tare ba.

Layi na ƙarshe a sito shi ya fi ɗaukar lokaci. Kyamara tana ganinsa, amma daga nesa ƙwarai. Ma'aunin IEC 62676-4 na 2014 ya ba da lissafi mai amfani: fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 25 a kowace mita don ka gane akwai mutum, kimanin 63 don ka ga abin da yake yi, 125 don ka gane wanda ka riga ka sani, 250 don a shaida baƙo. Kyamarar 1080p faɗinta fiksel 1920 ne. Idan a daidai inda mutumin yake tana ɗaukar faɗin mita 30, fiksel 64 kake da su a mita. Idan mita 15 ne, 128. Don tantancewa ba ma bukatar 250, wannan na kotu ne. Abin da ma'aikacin cibiya yake so ya sani shi ne mutum ne ko mage, hannunsa wayam ne ko yana riƙe da ƙarfe. Don haka na sa 63 a matsayin mafi ƙaranci a ƙarshen kowace shiyya, na auna da tef, ba da ido ba. Kyamara biyu muka juya, ɗaya muka ƙara. Wayarta ta kusa mita 100 da wayar intanet ta tagulla ke iya kaiwa, sai muka sa ƙaramin akwatin rarraba layi a tsakiya.

Na kuma sauya sunayen shiyyoyi. "Shiyya 7" ba ta gaya wa kowa komai da ƙarfe uku na dare. "Sito, layin ƙarshe, gefen ƙofar gaggawa" tana gaya wa ma'aikacin cibiya inda zai sa ido, tana gaya wa ɗan sanda ƙofar da zai nufa.

25 ga Fabrairu

Agogon na'urar naɗar bidiyo da na akwatin ƙararrawa sun saɓa da mintuna. Da a ce guntun bidiyon daga lokacin agogo ake yanko shi, da cibiya ta riƙa samun hoton lungu wayam bayan mutum ya wuce. Yanzu duka biyun daga sabar NTP guda, mai daidaita agogo ta hanyar sadarwa, suke ɗaukar lokaci, kuma akwatin ne yake taɓa na'urar naɗar kai tsaye ta waya idan shiyya ta tashi.

6 ga Maris

Mun tsayar da yadda guntun bidiyon zai kasance. Abin da ya fi muhimmanci a cikinsa sakannin da suka gabaci tashin ne. Mutum mai sauri kan ratsa gaban kyamara kafin saƙo ya fita, don haka na'urar tana riƙe da hoton 'yan sakannin baya a kowane lokaci, ƙararrawa na tashi ta haɗa su da na bayanta ta tura. Mun sa sakan 5 kafin, 10 bayan. Wanda ya fi haka tsawo yana jinkirin isa, kuma ma'aikacin da ke da wurare da yawa a gabansa ba shi da lokacin kallon fim. In yana son ƙari, yana da damar buɗe hoton kai tsaye.

Ƙaramin hoton muke turawa, babban yana nan a ajiye don bincike. Layin intanet na wurin yana da kyau wajen saukewa amma rauni gare shi wajen aikawa, kuma aikawar ce tamu. Mun ƙara layin 4G na ko-ta-kwana, saboda ɓarawon da ya san aikinsa waya yake fara yankewa. Akwatin ƙararrawa dama yana da batirinsa, amma kyamarori da rauta ba su da shi: wuta na ɗaukewa ƙararrawa za ta yi ta aiki makauniya. Duk mun ɗora su kan batirin ajiya. Cibiya kuma tana leƙa layin a kai a kai, in ya yi shiru za ta sani.

14 ga Maris

Makon farko da cibiya ke karɓar bidiyo da gaske. Cikin gini lafiya lau. Filin baya ne ya hana kowa sakat.

A can babu na'urar jin motsi, kyamarar ce da kanta take tada ƙararrawa idan ta ga sauyi a hoto, kuma da dare komai sauyi ne a wajenta. Na zauna na kalli guntayen ɗaya bayan ɗaya. A yawancinsu wani farin zare ne mai ƙyalli yake kai da komo a gaban hoton, wani lokaci har da mai shi, ƙafafu takwas sun cika allo. Fitilun infirared na ganin dare da ke kewaye da idon kyamarar suna haska duk abin da ke dab da gilashi, gizo-gizo kuma ya sami wurin saƙa a ƙarƙashin hular kyamarar. Zaren da ido ba zai lura da shi da rana ba, da dare ya fi komai haske. Daren da aka yi ruwa kuwa ɗigon ya zama fararen layuka, sai kuma fitilun motocin da ke juyawa a titi suna share bango.

Mun kashe fitilun jikin kyamarar, muka kafa fitilar infirared daban nesa da ita kaɗan, ta yadda abin da ke bakin gilashi ba ya samun haske. Mun zaɓi fitila mai nanomita 850 duk da ɗan jan da take nunawa, domin ta 940 da ba a gani ba ta kai ta nisa. An share saƙar, an cire titi daga yankin da kyamara ke lura da shi, sannan muka kunna tacewar ƙirƙirarriyar basira, wadda ba ta tura komai sai ta ga siffar mutum ko mota. Filin ya yi shiru sosai. Ma'aikaciyar cibiya da ke yawan riƙe darenmu ta ce, "Malam, yanzu in na ga sunan wurinku ya fito, gyara zama nake yi." Abin da nake nema ke nan tun farko.

21 ga Maris

Mai kamfanin ya ga yadda tacewar ta yi aiki a fili, sai ya kira ni ofis. Ya ce tunda kyamara ta iya bambance mutum da mage, me zai hana a cire na'urorin cikin gini gaba ɗaya a huta da gyaransu?

Na ce, "Yallaɓai, a bar su. Tacewar siffar da ta saba gani take nema. Mutum a tsaye a sarari ba ya kuɓuce mata. Amma wanda yake rarrafe, ko rabinsa yana bayan kwali, ko ya lulluɓa da bargo, tana iya cewa ba mutum ba ne, kuma in ta yi wannan kuskuren ba wanda zai ji labari, don ba za ta turo komai ba." Kuskuren na'urar zafi hayaniya yake jawowa, kowa ya sani a gyara. Kuskuren tacewa shiru yake jawowa. A cikin gini, inda kayan suke, na fi son abubuwa biyu da ba hanya ɗaya suke kuskure ba: ɗaya ta ji, ɗaya ta nuna, mutum ya yanke. Ya amince, da sharaɗin mu sake zama bayan wata shida da tarihin a gabanmu. Sharaɗi ne mai kyau.

3 ga Afrilu

Daren jiya ya kawo maganar da ta fi kowace muhimmanci a wannan aikin.

Shiyyar layin ƙarshe ta tashi bayan tsakar dare. Guntun bidiyo ya isa cibiya a kan lokaci, ba a ga kowa a ciki ba, aka rufe shi a matsayin na banza, ba a kira kowa ba. Da safe na buɗe shi. Rabin hoton kwalaye ne: da yamma an sauke sabon kaya aka jibge shi har kusa da rufi, daidai gaban kyamarar da muka ƙara. Bayan jibgin nan mutum uku za su iya tsayawa ba a gan su ba. Daga baya ma'aikata sun tarar da tsuntsun da ya shigo ta wata kafa a rufi, kuma da alama shi ne. Babu abin da ya ɓata. Amma wanda ya rufe kiran bai ga tsuntsu ba. Bai ga komai ba, ya ɗauki rashin gani a matsayin shaidar babu.

Ana cewa gani ya kori ji, kuma haka ne, amma sai in an gani ɗin. Haɗarin wannan tsari shi ne ya koya wa mutane watsi da ƙararrawa cikin kwanciyar hankali, suna ganin ai sun duba. Ban ga laifin ma'aikacin ba, takardar umarnin da ke gabansa amsa biyu kawai ta ba shi. Yau na zauna da shugaban cibiyar muka mayar da su uku. In an ga mutum ko ɓarna, a kira 'yan sanda nan take, a gaya musu abin da ake gani: mutum nawa, wace ƙofa, me suke riƙe da shi, sun fita ko suna ciki. In an ga dalilin tashin ƙarara, mage ce ko allo ne ya faɗo, a rufe a rubuta dalilin. In ba a ga mutum ba kuma ba a ga dalili ba, kiran yana nan a buɗe: a duba hoton kai tsaye da kyamarorin da ke maƙwabtaka, a kira mai mabuɗi, in bai ɗauka ba a kira na biyu. Hoton da ya yi baƙi, ko ya kauce daga inda aka san shi, ko ya ƙi zuwa, ba ya shiga amsa ta biyu ko kusa. Kyamarar da ta makance a daidai lokacin da ƙararrawa ta tashi abin zargi ce.

Mun aro abu biyu daga waje. Ma'aunin BS 8243 na Birtaniya yana ɗaukar ƙararrawa a matsayin tabbatacciya idan na'urori biyu daban suka tashi ɗaya bayan ɗaya cikin wani wa'adi tsakanin minti 30 da 60. Mun sa haka: shiyya biyu suka tashi a jere, a ɗauka da gaske ne ko bidiyo bai nuna komai ba. Ma'aunin AVS-01 na Amurka kuma, na 2023, ya kasa ƙararrawa mataki biyar, daga 0 da ba a kiran kowa, zuwa 3 da aka tabbatar da barazana ga dukiya, da 4 da aka tabbatar da barazana ga rai. Abin da ya burge ni shi ne ya ware mataki ga ƙararrawar da ba a da ƙarin bayani a kanta, bai jefa ta cikin na banza ba.

A sito kuma an ja jan layi a bango. Kaya ba ya wuce shi a gaban kyamara.

10 ga Afrilu

Zama da ma'aikata. Tambayarsu ta farko: shin wasu baƙi a wata cibiya za su riƙa kallonsu suna aiki? Tambaya ce da ta cancanci amsa a fili. Cibiya ba ta samun hoto sai an ɗana ƙararrawa kuma ta tashi, duk buɗe hoton da aka yi yana barin suna da lokaci, babu kyamara a banɗaki ko ɗakin sauya kaya, kuma tagogin maƙwabta da suka faɗo cikin hoton fili an rufe su da baƙi. A Tarayyar Turai dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a 2018 tana bukatar a sanar da mutane, a kuma iyakance tsawon ajiya. Ko inda doka ba ta kai nan ba, haka ya kamata a yi.

Kowa ya karɓi kalmar shaida da zai faɗa idan cibiya ta kira, da wata lamba ta daban da zai danna in an tilasta masa buɗewa: tana kashe jiniya kamar kullum, tana kuma sanar da cibiya a asirce. Jadawalin masu shara da direbobin da ke kawo kayan asuba yanzu yana hannun cibiya, kuma mutum ɗaya ne ke da alhakin sabunta shi.

24 ga Afrilu

Gwajin dare. Shugaban cibiya ya sani, don kada a kira 'yan sanda, amma mai zaman daren bai san lokaci ko ƙofa ba. Abokin aikina ya sa baƙaƙen kaya da hula, ya bi jikin katanga a sunkuye. A fili tacewar ta kama shi da ya miƙe, amma sashen da ya yi a duƙe bayan motar kaya ya wuce mata, kamar yadda na yi tsammani. Da ya buɗe ƙofar gaggawa maganaɗisu ya tashi, na'urar layin ƙarshe ta bi baya, guntayen biyu suka isa, ba a yi minti ɗaya ba wayata ta yi ƙara da bayanin kayansa da inda ya nufa.

Mun gwada lasifikar fili ma. Jiniya kowa ya saba jinta ya share. Amma murya ta ce, "Kai mai baƙar hula a bayan farar mota, ana ganinka, an kira jami'an tsaro," abokin nawa ya ce duk da ya san gwaji ne sai da gabansa ya faɗi. Mun yarda a yi amfani da ita a fili kawai, kafin mutum ya shiga. In akwai alamar ma'aikaci yana hannun wani a ciki, ba a magana, kira kawai ake yi.

Abu ɗaya ya fito da ba mu zata ba: fitilar saman ƙofar baya tana dukan idon kyamara, duk wanda ya tsaya ƙarƙashinta inuwa kawai yake zama. An sa mata hula an karkatar da ita ƙasa.

8 ga Mayu

Tun gyaran Afrilu ba a kira 'yan sanda a banza ba, kuma duk ƙararrawar da aka rufe akwai dalilinta a rubuce. Lokacin ya yi kaɗan a yi shela. Rana za ta sauya kusurwar da take shigowa ta tagogin sito, itacen bayan katanga zai ƙara ganye, gizo-gizo zai dawo, za a ɗauki sababbin ma'aikata da ba su halarci zaman Afrilu ba.

Na ɗauki hoton kowace kyamara, na rana da na dare, na buga na sa a fayil. Farkon kowane wata za a kwatanta su da abin da kyamarar ke nunawa, a goge gilashi, a yi tafiyar gwaji a kowace shiyya, a cire wuta a ga ko batiran suna ɗauka. Saura gurbin bayan motar kaya. Ina tsakanin na'urar igiyar haske da za ta ratsa jikin katangar da kyamarar zafi, wadda duhu da fitilun mota ba sa ruɗa ta amma ba ta nuna fuska. Za a kawo ta zafin aro mako mai zuwa, mu kafa ta a kusurwar katanga mu maimaita rarrafen nan a gabanta.